Tarihin Ƙasar Da Iska Ta Kwashe

Ran nan ina koyar da tarihi, na ce wa yara su faɗa mini abin da a ke nufi da wannan kalma. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tarihi shi ne labarin sarakuna da yaƙe-yaƙensu." Na ce ya yi ƙoƙari. Da aka tashi sai na bi ta gefen gonar makaranta, ga shi kuwa an kwana ana ruwa. Na tarar ruwan ya yanka 'yar hanya tsakanin kunyoyi, ya kwashi ƙasa ya jibge a bakin titi. Na tsaya ina dubawa, na ce a raina, wannan ƙasa da ta bar gona cikin dare ɗaya, shekara nawa ta yi kafin ta zama ƙasa? Ashe ita ma tana da tarihi, har ya girmi na ko wane sarki.

To, 'yan makaranta, labarin da zan ba ku yau ke nan. Gonarmu ta yi ƙanƙanta a ga girman al'amarin, sabo da haka zan kai ku Amurka, inda tsakanin 1931 da 1939 ƙasar noma ta tashi sama ta bar masu ita suna kallo. An rubuta abin da ya faru can dalla-dalla, da ranaku da lissafi. Amma kafin mu ga yadda ƙasa ta tafi, sai mu san yadda ta zo.

Yadda Dutse Ke Zama Ƙasa

Ko wace ƙasar noma jikanyar dutse ce. Wanda ya taɓa hawa Kufena a Zariya, ko dutsen Kwatarkwashi, ya ga yadda bayan dutsen ke ɓarewa falle-falle kamar albasa. Irin waɗannan duwatsu a can ƙarƙashin ƙasa suka sandare, da nauyi mai yawa bisansu. Da aka daɗe ruwa ya yaye abin da ya danne su, sai suka saki jiki suka tsattsage. Sa'an nan rana ta gasa su su ɗan kumbura, dare ya yi su huce su tsuke, yau da gobe tsagar na ƙaruwa. Saiwar ɓaure ta sami kafa ta kutsa, tana kauri tana buɗa ta. A ƙasashen sanyi kuwa akwai wani ma'aikaci da ya fi waɗannan gaggawa. Ruwa in ya daskare ya zama ƙanƙara ya kan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin goma. In ya shiga tsaga da rana, ya daskare da dare, sai ya tura dutsen kamar yadda mai faskare ke tura itace da gatari.

Wannan duk fasawa ce. Akwai kuma ruɓewa, ita ce ma ta fi aiki a ƙasashe masu zafi da ruwa. Ruwan sama ya kan gauraya da wata iska, irin wadda mu ke fitarwa in mun yi numfashi, sai ya ɗan yi tsami, tsamin da harshe ba ya ji amma dutse na ji. Ku ɗauki ɓallin dutse irin na Kufena ku duba da kyau, za ku ga ƙwaya iri uku. Akwai mai ƙyalli kamar gilas, wannan ruwa ba ya iya mata kome, ita ce ke zama rairayi. Akwai fara-fara ko jaja-jaja, wannan ita ruwan ke ci a hankali har ta ruɓe ta zama yumɓu, irin wanda a ke ginin tukwane da shi. Akwai kuma baƙa mai walƙiya, wadda ke da ƙarfe a cikinta. Ƙarfen nan in ya yi tsatsa shi ke rina ƙasa ta yi ja.

Amma fa rairayi da yumɓu kaɗai ba su isa a kira su ƙasar noma ba. Sai gansakuka ta kama, ciyawa ta biyo, ta mutu ta ruɓe, wata ta tsiro bisa gawarta. Tana da gara da tururuwa su yi ta juya ta, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yi ta narkar da ganye da saiwa, har a sami wani baƙin abu mai laushi, mai riƙe ruwa, wanda ke ɗaure ƙwayoyin ƙasa su zama 'yan curi-curi. Tambayi mai haƙar rijiya ya gaya maka. Da fari ya kan ratsa ƙasa mai duhu, sau da yawa ba ta fi taki ɗaya ba, sa'an nan ja mai tauri, sa'an nan ruɓaɓɓen dutse, daga nan sai fa. Wannan ta saman, 'yar siririyar, ita ke ciyad da duniya.

Wani masani na ƙasar Rasha, Dokuchaev, wanda ya buga littafinsa a kan baƙar ƙasar alkama ta ƙasarsu cikin 1883, shi ya nuna abubuwa biyar ne ke haɗuwa su yi ƙasa: irin dutsen, da yanayin ruwa da zafi, da masu rai, da gangaren wurin, da tsawon zamani. Na ƙarshen nan shi ne ba a saye a kasuwa. Kafin a sami ƙasar sama mai kaurin inci ɗaya a kan yi ɗaruruwan shekaru.

Filin Da Duwatsun Roki Suka Haifa

A yammacin Amurka akwai jerin manyan duwatsu da a ke kira Roki, sun miƙe daga kudu har cikin Kanada. Masana sun ƙiyasta sun taso wajen shekara miliyan 70 da suka wuce. Tun suna tasowa ƙanƙara da ruwa ke cinsu ta hanyoyin nan da na faɗa, koguna na kwasar tsakuwa da rairayi da laka suna shimfiɗawa gabas da su. Aka yi shekaru miliyoyi ana haka, har aka sami wani makeken fili, faɗinsa wajen mil 500, tsawonsa wajen mil 2,000. Daga baya iska ta riƙa ɗebo lallausar ƙura daga busassun koguna tana yafawa bisansa. Ku riƙe wannan da kyau: yawancin ƙasar sama ta kudancin filin nan iska ce ta kawo ta.

Wurin ba shi da ruwa da yawa. A yammacinsa ruwan shekara ba ya cika inci 20, alhali Kano ta kan sami inci 30 ko fiye. Ba itatuwa sai a bakin rafi, ba tudun da zai tare iska, ita kuwa ba ta hutawa. Abin da ya hana ta sake ɗaukar abin da ta kawo shi ne ciyawa. Gajeruwa ce, da kaɗan ta wuce idon sawu, amma saiwarta ta kan nutsa ƙafa huɗu ko biyar, ta sassaƙe da juna kamar tabarma. Don tsananin saƙar, Turawan da suka fara zama wurin har yanka ta su ke yi kamar tubali su gina ɗakuna. In fari ya zo sai ta bushe a sama ta yi kamar ta mutu, saiwar kuwa na nan riƙe da ƙasa har ruwa ya komo.

Bisa ciyawan nan wani irin ɓauna ke kiwo, an ƙiyasta sun kai miliyan 30. Mutanen ƙasar na asali, kamar Komanci da Kayowa, su ke farautarsu, daga gare su su ke samun nama da tufafi da tanti. An sha yin fari mai tsanani a zamaninsu, ƙura ma ta kan tashi, amma da ruwa ya sauka sai fili ya koma kore.

Zuwan Garma

Cikin 1820 wani hafsan soja mai suna Stephen Long ya ratsa filin, ya komo ya ce bai dace da noma ba. Aka riƙa rubuta shi a taswira da sunan Babbar Hamadar Amurka. Amma mutane na ta ƙaruwa a gabas, ko wa na son gona tasa ta kansa. Cikin 1862 Shugaba Lincoln ya sa hannu a wata doka, wadda ta ce duk wanda ya zauna bisa eka 160 ya noma ta shekara biyar, ta zama tasa. Aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Soja suka ci mutanen ƙasar da yaƙi, Komanci suka miƙa wuya cikin 1875, aka tsare su a wurin da aka keɓe musu. Maharba suka auka wa ɓauna don fata, har ya zamana cikin 1889 waɗanda suka rage ba su fi wajen dubu ɗaya ba.

Ba a rasa mai gargaɗi ba. Cikin 1878 wani masani, John Wesley Powell, ya kai wa majalisar ƙasar rahoto, ya ce inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba noma ba shi da tabbas sai da ban ruwa, gara a bar wurin don kiwo, a ba ko wane gida eka 2,560. Ba a saurare shi ba. Dillalan filaye da masu jirgin ƙasa sun fi son wata magana da ta bazu a lokacin, wai noma kansa shi ke jawo ruwan sama, in an kafta ƙasa hadari zai biyo. Aka yi sa'a shekarun nan na ruwa ne, sai maganar ta yi kama da gaskiya. Farin da aka yi bayan 1890 ya kori dubban mutane, amma da ruwa ya komo aka manta. Cikin 1909 aka ninka rabon ya zama eka 320.

Sai ga Yaƙin Duniya na 1914. Alkamar Rasha ta daina isa Turai, kuɗin alkama ya hau, har awon da su ke kira bushal, wanda ya kai kamar kilo 27, ya wuce dala biyu. Gwamnati ta yi ta kiran manoma su ƙara shuka. A daidai wannan lokaci motar noma ta yawaita, da wata irin garma mai fayafayan ƙarfe, wadda ke niƙe ƙasa ta koma kamar gari. Aikin da mai dawaki zai yi mako yana yi, mai mota ya gama shi a yini guda. Bayan yaƙi kuɗin alkama ya sauka, ga bashin mota a wuya, ba yadda manomi zai biya sai ya ƙara faɗin gona. Tsakanin 1925 da 1930 kaɗai an kafce fiye da eka miliyan biyar na sabuwar ƙasa a kudancin filin. Har akwai 'yan birni da a ke yi wa laƙabi da manoman akwati, don su kan zo da akwatin tufafinsu su yi shuka su tafi, ba a sake ganinsu sai ran girbi.

Cikin 1931 aka sami alkama irin wadda ba a taɓa gani ba. Amma kasuwannin duniya sun riga sun karye tun 1929, ba mai saye. Bushal ya faɗi har ya koma wajen kwabo 25 na dala, watau rubu'in dala ɗaya. Aka jibge alkama a bakin tasha tana lalacewa. Waɗansu suka watsar da gonakin suka yi gaba, suka bar su tsirara. A ƙarshen wannan shekara ruwa ya ɗauke.

Shekarun Ƙura

A can a kan shuka alkama wajen Satumba, ta yi lokacin sanyi tana ƙarama, a girbe wajen Yuni. In ta tsiro da kyau ita ke rufe ƙasa a watannin Fabrairu zuwa Mayu, sa'ad da iska ta fi ƙarfi. Da fari ya zo ba ta tsiro ba, ciyawar da ke tsaron wurin kuwa an riga an tumɓuke ta.

Ga yadda iska ke cin gona. Ba ta iya ɗaga tsakuwa, sai dai ta ɗan mirgina ta. Matsakaitan ƙwayoyi su ta ke fara tunkuɗawa, su yi tsalle su faɗo, ko wace in ta faɗo ta bugi waɗansu su ma su tashi, kafin a kai ƙarshen gona abin ya zama gayya. Bugun nan shi ke farfasa curin ƙasa, lallausan ya tashi sama ya bi iska. Kun ga mata in suna shiƙa, iska ta kan kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba. Nan kuwa tsabar ta ke kwashewa, don yumɓu da baƙin abin nan mai ciyad da shuka su suka fi rashin nauyi. Rairayi ta ke bar wa mai gona, ta tara masa shi a gindin shinge.

Cikin 1932 aka ƙirga manyan guguwar ƙura 14, cikin 1933 aka ƙirga 38. Inda abin ya fi muni shi ne mahaɗar jihohi biyar, watau Teksas da Okalahoma da Kansas da Kolorado da Niyu Meziko, ɓarnar kuwa ta shafi wajen eka miliyan 100. A watan Mayu na 1934 wata guguwa ta taso daga arewacin filin, an ƙiyasta ta ɗauki ƙasa tan miliyan 350. Ta zuba wa birnin Shikago, ta dushe rana a Niyu Yok da Washinton, har jiragen ruwa da ke mil 300 cikin Tekun Atlantika suka tarar da ƙura bisa dandamalinsu.

Ranar da ba a manta ba ita ce Lahadi, 14 ga Afrilu, 1935. Gari ya waye garau, ba iska, mutane suka buɗe tagogi, suka yi shanya, waɗansu suka fita ziyara. Da rana ta karkata sai aka hangi wani baƙin bango daga arewa, ya haɗe ƙasa da sama, tsuntsaye na gudu a gabansa. Iskar na tafiyar wajen mil 60 a sa'a. Da ya iso, duhu ya rufe har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Matafiya suka tsaya cikin motocinsu, waɗansu suka yi ta rarrafe suna laluben ƙofar gidansu. Kashegari wani ɗan jarida, Robert Geiger, ya kira yankin da wani suna na Turanci mai ma'anar Akushin Ƙura, sunan kuwa ya bi shi har yau.

Zaman wurin ya zama azaba. Mata su jiƙa zannuwa su rataya a tagogi, duk da haka da safe sai an kwashe ƙasa daga tsakar ɗaki da shebur. A kan kife kwanuka har sai an zo zuba abinci. Ƙura ta cika huhun yara da tsofaffi, ciwon haƙarƙari ya kashe da yawa. Shanu suka rame, in an yanka a tarar da ƙasa cikin tumbinsu. Kafin 1940 mutum wajen miliyan biyu da rabi sun bar jihohin filin, waɗansu don ƙura, waɗansu don bashi da rashin aiki, kamar 200,000 daga cikinsu suka nufi Kalifoniya suna ƙodago a gonakin waɗansu. Amma mafi yawan mutanen yankin sun daure sun zauna.

Malamin Ƙasa

Akwai wani mutum da ya daɗe yana jiran wannan rana da baƙin ciki. Sunansa Hugh Bennett, an haife shi cikin 1881, ɗan manomin auduga ne a jihar Karolina ta Arewa. Aikinsa auna ƙasa da rarrabe irinta. Cikin 1905 aka aike shi wani yanki na jihar Bajiniya a ga abin da ya sa amfanin gona ke raguwa. Ya tarar da wurare biyu gab da juna, gangarensu ɗaya, dutsen da ke ƙarƙashinsu ɗaya. Na farko kurmi ne ba a taɓa sare shi ba, ƙasarsa baƙa mai laushi, ana tona ta da hannu. Na biyu an daɗe ana noma shi, ya koma yumɓu tsantsa mai tauri. Ba kwazazzabo ko ɗaya a wurin. Nan ya gane ruwa na iya ɗauke gona feshi-feshi, ko wace damina ya share abin da bai fi kaurin takarda ba, mai ita bai sani ba sai ran da ta ƙi ba da hatsi.

Ya yi shekaru yana faɗa ana yi masa kallon mai neman magana, don manyansa sun ɗauka ƙasa dukiya ce da ba ta ƙarewa. Cikin 1928 ya fitad da wata ƙasida wadda ta nuna zaizayar ƙasa annoba ce ga al'umma duka. Cikin 1933 Shugaba Roosevelt ya ba shi wani ƙaramin ofis na wucin gadi. A watan Maris na 1935 ƙura ta isa Washinton har sau biyu, Bennett kuwa na gaban 'yan majalisa yana neman a tabbatad da ofishin. Ana ba da labari wai ya sami labarin guguwa na tafe, sai ya yi ta jan bayani da gangan, har sama ta yi duhu, 'yan majalisa suka tashi suka leƙa ta taga. Gani ya kori ji. Ran 27 ga Afrilu, 1935, kwana 13 bayan Baƙar Lahadi, aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kiyaye ƙasar noma, aka ba shi shugabancinta. Hukumar na nan har yanzu, sai dai an sake mata suna cikin 1994.

Maganin da suka koyar ba wani abin al'ajabi ba ne. A ja kunya a gicciye, kada ta bi gangare, don ko wace kunya ta tare ruwa. A yi kunyoyi masu zurfi su gitta wa iska. A bar kara da tushiya a gona bayan girbi. A raba gona jeri-jeri, in wannan jeri na hutawa na kusa da shi na da shuka. Inda ƙasa ta cika rairayi a mai da ita makiyaya. Manoma da yawa suka ƙi da fari, suka ce yaron gwamnati ba zai koya musu noma ba, sai da aka riƙa biyansu kuɗi kafin suka gwada. Aka kuma lura gonar mutum ɗaya in ta tashi ita ke binne ta maƙwabcinsa, don haka daga 1937 manoman ko wane yanki suka fara haɗa kai su kafa ƙungiyar kiyaye ƙasarsu. Tsakanin 1935 da 1942 aka dasa itatuwa wajen miliyan 220, jeri-jeri a gefen gonaki, daga iyakar Kanada har Teksas. Gwamnati ta sayi gonakin da suka mutu sarai ta mai da su ciyawa. Biyu daga cikin waɗannan makiyaya yau sunansu Komanci da Kayowa, sunan mutanen da aka kora don a noma wurin.

A ƙarshen 1939 ruwa ya fara komowa, kafin 1941 ƙura ta kwanta.

Laifin Wa?

Malaman tarihi sun yi saɓani a nan, ya kuwa kamata ku ji ɓangarorin biyu. Donald Worster, a littafinsa na 1979, ya ɗora laifin bisa kwaɗayin riba, wanda ya sa aka ɗauki ƙasa kamar hajar kasuwa. Geoff Cunfer, cikin 2005, ya bi lissafin gunduma-gunduma, ya nuna yawancin filin ba a taɓa noma shi ba, ƙura kuwa ta tashi har a inda ciyawa ke nan, don farin ya kashe ta, sabo da haka a ganinsa fari ne babban dalili. Masanan yanayi sun gano farin ya samo asali daga teku, ruwan Fasifik ya yi sanyi fiye da yadda ya saba, na Atlantika ya yi ɗumi, sai hanyar hadari ta kauce. Sun kuma nuna tsiraicin gonaki da ƙurar kanta sun ƙara wa farin tsanani.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, fari ba ya shawara da kowa, zai zo ran da zai zo. Abin da ke hannun mutum shi ne halin da farin zai tarad da gona, a rufe ko a tsirara. Shaida kuwa ita ce, bayan 1950 an sake yin fari a can, a waɗansu wurare har ya fi na da tsanani. Ƙura ta tashi, amma ɓarnar ba ta kai ta farko ba. Sai dai abin da ya tafi bai komo ba. Wani bincike na 2012 ya nuna gundumomin da suka fi zaizayewa darajar gonakinsu ta faɗi da wajen kashi 30 cikin ɗari in an gwada da na maƙwabtansu, bayan shekara hamsin kuwa kaɗan ne daga cikin hasarar ya farfaɗo.

To, me ya haɗa mu da wannan labari? Jigawar da mu ke noma gero a kai, daga arewacin Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram, yawancinta tsohon rairayi ne da iska ta tara a zamanin da Sahara ta matso kudu. Ita ma iska ce ta kawo ta. Ko wanenku ya ga yadda guguwar farkon damina ke binne ƙaramin gero, har a sake shuka sau biyu ko uku, musamman a gonar da aka kwashe kara ƙaƙaf aka ƙone sauran. Manoman Maraɗi da Damagaram sun sha wannan wuya a farin 1973 da na 1984. Daga baya suka daina sassabe tohon da ke fitowa daga kututture, suka riƙa zaɓen mai ƙarfi suna renonsa, gawo da kalgo da sabara da sauransu. An ƙiyasta ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi bisa fiye da eka miliyan 12, kusan adadin da gwamnatin Amurka ta dasa da kuɗinta.

Ga aikin da na ba yarana, ku ma ku gwada a makarantunku. Ku sami faranti biyu masu faɗi. Ku cika ɗaya da ƙasar da aka kafta, ɗayan kuwa ku yanko ƙasa da ciyawarta ku ɗora. Ku jingina su su ɗan karkata, ku zuba wa ko wane ruwa gwangwani ɗaya daga sama, ku tari abin da ya gangaro cikin kwalba. Ku ajiye kwalaben su kwana, da safe ku auna lakar da ta kwanta a gindin ko wace. In kun je hutu ku nuna wa iyayenku, da ladabi, don sun riga ku sanin gona, wataƙila ma su gaya muku inda ƙasa ta kai a jikin tsohuwar kukar gonarku sa'ad da su ke yara. Ku rubuta abin da suka faɗa, da shekarar, da sunan wurin. Wannan ma tarihi ne. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.